Yadda Muka Ɗauko Jiminar Goggo Hajara

Tun da na dawo ban yi ɗinkin kirki ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo shago ya ce, "Sale Tela, wai da gaske ne ka ɗinka wa jimina hula?" In fara ba shi labari, kafin in kai tsakiya wani ya shigo ya ce a koma farko. Har an fara sa wa zancen gishiri. Jiya a bakin kasuwar Gumel na ji wani yana rantsuwa wai a bayan jiminar na zauna tun daga iyaka har gida. Shi ya sa na ce gara in zauna in faɗe shi tiryan-tiryan, kowa ya huta, masu kaya a wurina su sami kayansu.

Goggo Hajara ƙanwar mahaifina ce. Tun ban yi wayo ba aka kai ta aure wani ƙauye a hayin iyaka, gaba da Maigatari, ta wajen Dungas. Mijinta, marigayi Baba Idi, kuku ne na wani Bafaranshe mai haƙa rijiyoyi. Shi Baturen nan ne ya karɓi 'yar jimina a hannun makiyaya tun ba ta wuce agwagwa ba, ya sa mata suna Madam, yana yawo da ita a mota kamar 'yarsa. Da aikinsa ya ƙare ya koma ƙasarsu, ya bar wa Baba Idi ita tare da tukwane da wata tsohuwar kujera. Bayan Baba Idi ya rasu aka bar Goggo daga ita sai Madam a cikin gida, don Allah bai ba su haihuwa ba. Ko a farin nan da aka sha, lokacin da mutane ke rabuwa da awakinsu, Goggo raba dusarta take yi biyu.

To, sai ga wani mai goro da ke cin kasuwar Maigatari ya tsaya a shagona da saƙon baki. Madam ta ƙasaita, gida ya yi mata kaɗan. Ta tsallake danga ta shuri jakin maƙwabci har ta tsaga masa cinya, maigari kuma ya ce ko a yanka ta ko a fitar da ita daga garin kafin a gama girbi. Masu magani tuni sun fara zarya, wani gashin yake so, wani fata, wani kitse. Mai goro ya ce, "Tsohuwar nan ko abinci ba ta ci. Ta ce in gaya wa Babanta ya zo." Ni ne Baban nata, don sunan mahaifinsu aka sa mini.

Sai na tuna da Malam Habu, abokina tun muna yara, wanda yanzu malamin daji ne a wani gandu kusa da Gagarawa. Ya killace wani yanki na gandun yana tara dabbobin dawa da mutane suka ajiye a gida don sha'awa sannan suka gaji da su, 'yan makaranta kuma suna zuwa kallo ana yi musu bayani. Na hau mota na same shi. Ko gama magana ban yi ba ya ce, "Jimina? Kai, Sale, ka ɗauko ta ko a goye ne. Zan yi wa na bakin iyaka magana. Abu ɗaya kawai, ka rufe mata ido. In ba ta gani, sai ta zama rago."

Na dawo shago na yanke ƙafar wani tsohon wandon kaki, na ɗinke bakin, na sa mata zariya. Wannan ce hular da kuke ta tambaya.

Wanda ya yarda ya kai ni shi ne Ɗanladi direba, mai a-kori-kurar nan ta bodin katako da kuka sani, wadda ba ta son hawa kuma ba ta son gangara. Muka fita da sassafe ranar Laraba, jajiberin kasuwa, muka tarar da Maigatari ta cika maƙil, raƙuma da shanu da buhunan kanwa, Buzaye sun naɗe fuska sai ido. Wajen namu ba a tsayar da mu ba, don Malam Habu ya cika alkawari. Wani ma'aikaci ma ya ce mu tabbata mun biyo ta gabansa a dawowa, yana so ya gani da idonsa.

A ɗaya hayin kuwa muka tarar an sauke sanda an tare hanya, babu kowa. Ashe su can da rana ta take sai kowa ya tafi ya kwanta, ko gwamna ne ya zo sai ya jira. Mu nan a ce ma'aikaci yana barci da tsakar rana ai abin kunya ne, su kuwa doka ce. Wani Buzu da ke zaune a gindin aduwa ya yafuto mu. Ya ɗora 'yar buta a kan garwashi, ya daɗe yana juye shayi daga sama yana mayarwa, sannan ya miƙo mini a wani ɗan kofin gilashi wanda bai fi murfin kwalba ba. Na kurɓa, na ji ɗaci har cikin kunnena. Na yi godiya zan ajiye, Ɗanladi ya taka mini ƙafa ya ce, "Ba a tashi a na farko, wulaƙanci ne." Na daure. Na biyu ya fi sauƙi, na uku kuwa zaƙi kamar zuma. Ya haɗa mana da cuku da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai taurin baya, wanda sai da na dafe shi a gwiwa na karya.

Da rana ta yi sanyi ma'aikacin ya fito. Su duwan suke ce musu, ba kwastan ba. Ya dubi motarmu ya ce, "Wannan kamyon ina za shi?" Ɗanladi ya ji an kira motarsa da sunan Faransanci, sai ya gyara tsayuwa. Da na faɗi sunan ƙauyen da na Goggo, mutumin ya yi dariya ya ce, "Gidan Madam? Ku wuce, ku wuce. Ta taɓa cire mini hula a kaina."

Muka isa ƙauyen da yamma. Tun daga nesa na ga wani dogon wuya ya leƙo ta saman danga yana juyawa. Goggo ta fito da gudu, zane a hannu, ta riƙe ni tana cewa, "Babana, ka zo? Babana, ka zo?" Ta rame ƙwarai. Ta ja ni ciki, kafin ma ta ba ni ruwa ta ce in gaisa da Madam.

Jama'a, ni dai ban taɓa tsayawa kusa da halitta irin wannan ba. Ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Jikinta baƙi wulik, bakin fukafukai fari tas, cinyoyi tsirara kamar na ɗan dambe, ƙafa kuwa yatsu biyu kacal. Ga ido dara-dara da gashin ido wanda ko amarya ba ta samu ba. Tsakar gidan kuma ɗan mitsitsi ne, in ta yi 'yan taku sai ta ci karo da rumbu ta juyo. Ta sunkuyo ta dube ni, ta kai baki ta tsinke maɓallin rigata na sama, ta haɗiye.

Goggo ta ce, "Ta karɓe ka ke nan. Ba kowa take yi wa haka ba."

Muka kwana a zauren maigari, wanda ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya aiko da tuwon gero da fura mai yaji irin tasu. Ya ce shi ma ba ya son a yanka ta, amma yau jaki ne, gobe ɗan wani ne. Na ce gaskiyarsa.

Da gari ya waye muka jingina bayan mota da wani tudu. Goggo ta riƙe ƙwaryar dusa tana kira, "Madam, biyan, biyan." Wai haka Baturen yake kiranta, wato zo, kuma iyakar Faransancin Goggo ke nan. Madam ta sunkuyar da kai cikin ƙwarya, ni kuma na lallaɓo na zura mata hular na ja zariya. Sai ta tsaya cak. Maza suka tura ta a hankali har cikin mota, ta durƙushe a kan buhunan ƙaiƙayi da muka shimfiɗa. Duk garin an fito. Mai jakin ma ya zo, ya ce ya yafe.

Ni a zatona a nan za su yi sallama. Ina juyowa sai na ga Goggo da ƙullin kayanta a ka, tana ƙoƙarin taka tayar mota.

Na ce, "Goggo, ina kuma za ki?"

Ta ce, "Au, da nufinka in ba ka ita ka tafi kamar akuyar kasuwa? Sai na ga inda za ta kwana da idona."

Na ce to ta shiga gaba, ni in hau baya. Ta ce Madam ba ta san warina ba. Haka ta zauna a baya, hannunta ɗaya a kan gadon bayan jiminar.

A bakin iyakar Maigatari muka tsaya don cika wa ma'aikacin nan alkawari. Kafin ka ce me, mutane sun kewaye motar. Ya ce a ɗan cire hular ya ga fuskarta, Goggo ta cire. Ɗanladi kuwa ya ga taro, sai ya hau kan taya yana bayani kamar shi ya haife ta, yana kaɗa makullin mota a yatsa, rana tana haska shi. Wuyan nan ya miƙo kamar walƙiya. Muka ji ƙyas. Dukanmu muka tsaya muna kallon wani ɗan ƙullutu yana gangarawa a hankali cikin dogon wuyan nan, har ya ɓace.

Ɗanladi ya dubi yatsansa ya ce, "Inna, makullina."

Goggo ta ce, "Ai kai ka miƙa mata."

Wurin ya kece da dariya, ma'aikacin har da riƙe ciki. Ɗanladi ya ce ba inda za shi sai makulli ya fito. Ya samo tsinke ya zauna a bayan mota yana gadi. Sai da wani makanike ya zo ya ce masa cikin jimina dutse ma niƙa shi yake yi, sannan ya haƙura aka cire wayoyi aka haɗa, mota ta tashi, muka mayar wa Madam da hularta. In kun lura, har yau da waya yake tayar da ita.

Daga nan ba mu biyo ta Gumel ba. Ɗanladi yana da buhunan kanwa da zai sauke a Sule Tankarkar, ni kuma na san in muka ratsa ta gaban shagon nan ku ba za ku bar mu mu wuce ba. Sai muka yanki hanyar daji, rairayi zalla. Rana ta take, zafi ya sauko, muna cikin tafiya mota ta nutse har ciki. Muna haƙa muna sa kara a ƙarƙashin taya, sai na ji Goggo ta ƙwala kira da wata murya da ban taɓa ji ba.

"Babana! Zo ka gani!"

Na haura. Wuyan Madam ya kwanta a kan buhu kamar igiya, fukafukai sun saki, ƙirjinta yana bugawa da sauri. Goggo ta fizge hular. Baki a buɗe, ido a lumshe. Kakin ya yi kauri, numfashi ba ya ratsa shi a wannan zafi. Na ce a raina, mun raba ta da wuƙar maigari mun zo mun kashe ta a daji.

Ruwan da ke gare mu na radiyeta ne, ɗan kaɗan a galan. Ɗanladi ya miƙo shi. Goggo ta ɗora kan Madam a cinyarta, ta jiƙa gefen zanenta tana shafa mata a wuya, tana ɗiga mata a baki. Ni kuma na cire babbar rigata muka ɗaura a kan bodin ta yi inuwa. Can sai ga wasu mata sun fito daga gona da tuluna. Babbar cikinsu ta leƙo ta yi salati, ba ta tambayi ko mu su wane ne ba, ta ce da sauran, "Ku sauke ruwan nan." Suka juye mata tulu guda a jiki. Wata ta koma gona da gudu ta ɗebo guna, ta fasa a gwiwa ta miƙa wa Goggo.

Goggo tana tura mata gunar a baki tana cewa a hankali, "Biyan, Madam. Kada ki yi mini haka a ƙasar mutane. Biyan."

Mun daɗe a haka. Sai idon ya buɗe. Wuyan ya motsa, ya ɗago kaɗan, ya koma, ya sake ɗagowa, har ya miƙe sosai yana waige-waige. Ta dubi matar da ta kawo guna, ta kai baki ga ɗan kunnenta. Matar ta yi tsalle da baya tana ihu tana dariya, sauran suka rangaɗa guɗa. Goggo tana dariya hawaye na zuba. Matan nan su suka taya mu tura motar har ta fita, babbarsu kuma ta kwance ɗankwalinta na shudi mai shara-shara ta ba ni. A cikin mota na zare allura daga hulata na ɗinka sabuwar hula da shi, na bar ƙofar hanci. Ta kakin kuwa tana can a daji.

Muka shiga Sule Tankarkar gab da magariba. Hedimastan makarantar garin, wani dattijo mai fara'a da nake yi wa ɗinki, shi ya sauke mu. Akwai wani sabon aji da ake ginawa ba a kai ga rufi ba, a nan muka sa Madam muka tare ƙofar da benci. Matarsa ta ja Goggo cikin gida, mu kuma aka shimfiɗa mana tabarma a ofis, aka kawo tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa da man shanu. Ban san sanda barci ya ɗauke ni ba.

Da asuba muna alwala a bakin masallaci sai muka ji wani gurnani daga wajen makaranta, mai zurfi, har ƙasa tana amsawa. Liman ya saki buta. Wani ya ce zaki ne, wani ya ce rabon da a ji zaki a ƙasar nan tun zamanin kakanni. Maza suka fito da sanduna da kwari da baka. Sai ga Goggo ta fito tana gyara lulluɓi ta ce, "Ku mayar da kayanku, bayin Allah. Madam ce take gaishe ku. Haka take yi in ta kwana lafiya."

Da 'yan makaranta suka taru, hedimasta ya ce yau babu lissafi sai an ga baƙuwa. Aka jera su a tagogin ajin. Ya fara bayani, amma tambayoyi suka yi masa yawa, sai ya juya ya ce, "Inna, ke kika san ta, bismilla." Goggo, wadda ba ta taɓa taka makaranta ba, lakwal ma take ce mata irin na can, ta tsaya a gaban yara tana murza bakin zane. Wata yarinya ta tambaya ko tana tashi sama. Goggo ta ce a'a, fukafukan na ado ne da fifita. Wani ya ce me take ci. Ɗanladi daga baya ya ce, "Makulli!" Kafin a jima kunya ta saki Goggo, tana nuna musu yatsun ƙafar, tana gargaɗinsu kada su tsaya a gabanta don gaba take shuri ba baya ba kamar jaki. Da za mu tafi yaran suka bi motar har bayan gari suna kiran Madam.

A Gagarawa Tasha muka tarar an tare hanya, jirgin ƙasa zai wuce. Na damu ƙwarai kada ƙararsa ta firgita Madam, na sauko na ƙara ɗaure hular. Jirgi ya taho yana huci yana busa. Madam ko gezau. Wadda ta firgita Goggo ce, don a ƙasarsu babu jirgin ƙasa, ba ta taɓa gani ba. Ta rungume wuyan jiminar ta rufe ido tana salati har taragon ƙarshe ya wuce. Sannan ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Babana, wannan garin guda ne aka ɗaure ake ja?" Da na ce mata mutane ne a ciki za su Nguru, ta ce Allah ya kai su, ita dai ƙafarta ta ishe ta.

Malam Habu yana bakin gandu yana jiranmu, kuma ranar an kawo 'yan wata makaranta daga Gagarawa. Kafin a sauke Madam Goggo ta ce sai ta zaga ta ga maƙwabtan da za a ba ta. Malam Habu ya ce, "Bismilla, Goggo," ya sa mu cikin ayarin yara.

Ya fara da wani jan biri mai zobe fari a ƙugu inda gashi bai sake fitowa ba. Ya ce wani mai shago ne ya ɗaure shi da sarƙa tun yana jariri, birin yana girma sarƙar tana shiga nama. Ya ce da yaran, "Kun ga ya yi kyau a ƙofar shago. To ku tambaye shi ko shi ya ji daɗi." Akwai barewa da wani ma'aikaci ya bari da aka yi masa canjin wurin aiki, da wani ƙaton kunkuru da aka huda wa ƙoƙon baya don a sa igiya, yanzu yara suna ba shi ganyen yakuwa a baki. Akwai tsohuwar kura da masu wasa suka zubar wa haƙora, sai an daka mata nama. Sai kuma aku mai jan wutsiya, wanda ya zauna shekaru a gidan wani tsoho mai tari. Muna isowa ya yi tari irin na tsofaffi, ya yi kaki, ya ce, "Wa ye a zauren?" Yara suka zube ƙasa don dariya. Kowace dabba Malam Habu sai ya faɗi inda danginta suke zama a dawa, da abin da take ci, da yadda aka yi ta baro can. Na lura yaran da suka shigo da 'yan duwatsu a hannu duk sun zubar ba wanda ya ce su zubar.

Goggo ta duba kwanon ruwan kowa, ta shinshina dusar, ta tambayi wanda ke sharar wurin. Sannan ta ce, "To, a sauke ta."

Da Malam Habu ya ga Madam a tsaye sai ya yi kabbara, ya zagaya ta, ya ce, "Goggo, wa ya sa wa wannan suna Madam?"

"Bature ne. Me ya faru?"

"Ai namiji ne. Macen toka-toka ce. Baƙin gashin nan da gurnanin da kuka ce yana yi, duk na namiji ne."

Goggo ta riƙe haɓa. Ta dubi Madam tun daga sama har ƙasa ta ce, "Amma ka cuce ni. Shekara da shekaru ina gyara maka gurbi a bayan rumbu ina jiran ƙwai!" Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta nutsu ta ce ita dai Madam ta sani, ba za a canja mata suna da girmanta ba. Malam Habu ya ce an bar shi haka, kuma zai sa ido ko Allah zai kawo mata abokiyar zama.

Filin da ya tanadar mata babba ne, an kewaye shi da waya da ƙaya, ga ciyawa ga bagaruwa jefi-jefi, ƙarshensa sai ka ƙanƙance ido. Muka shigar da ita, yara suka jeru a bakin waya aka ce su yi shiru. Goggo da kanta ta kwance zariyar ta zare hular.

Madam ta tsaya tana ƙifta ido. Ta yi 'yan takun nan da ta saba yi a tsakar gida, ta tsaya daidai inda rumbu ya kamata ya tare ta, ta juyo. Ta sake yi, ta sake juyowa. Goggo ta tura ta da tafin hannu ta ce, "Je ki mana. Babu komai a gabanki."

Ta taka a hankali, ta wuce, ta ƙara. Sai ta buɗe fukafukan nan farare, ta zabura. Wallahi ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Ƙafafun kamar ba sa taɓa ƙasa, kafin mu sauke numfashi ta kai ƙarshen fili ta karyo kwana. A tsakiyar fili ta tsaya ta shiga juyi a wuri ɗaya, fukafukai a sama, tana juyi tana juyi har jiri ya kwashe ta ta faɗi zaune, ta tashi ta sake zabura. Yara suka manta da an ce su yi shiru, suna tsalle suna tafi. Ɗanladi ya cire hula yana kaɗawa, ya ce ya yafe makullin duniya da lahira.

Na juya wajen Goggo. Ta riƙe waya da hannu biyu, ba ta tafa hannu, ba ta dariya, ido kawai ta zuba.

Ta ce, "Babana, ashe haka take gudu? Ni na raine ta, ban taɓa sani ba."

Na ce, "Goggo, rana tana yi. In kin shirya mu kama hanyar Gumel, ki huta kwana biyu kafin in mayar da ke."

Ba ta ko waiwayo ba. Ta ce, "Ku dakata tukuna. Bari ta gama."